Wadda Ke Zaune a Gindin Bedi

Bana ruwa ya yi mana wulaƙanci. Ya sauko sau biyu a farkon damina, mai ƙarfi, har kowa ya saɓi sungumi ya yi gona, sannan ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. 'Yar gonata da ke kan hanyar Tafashiya, wadda nake lallaɓawa tun da na ajiye aikin jinya, geronta ya fito ya kai tsawon yatsa ya tsaya nan, ganyen duk ya nannaɗe. Da la'asar sai hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, mata su yi ta kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Rabon da in ga damina mai irin wannan hali shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma waccan ba damina ce da nake son tunawa ba.

Ana cikin haka wata yarinya ta yi mini sallama. Sunanta Zainab, daga jami'a take, wai tana bincike a kan yadda ma'aikatan jinya ke aiki a ɗakin gaggawa, da yadda za a kare mara lafiya daga kuskurenmu. An ce mata duk Kankiya babu tsohuwar nas da ta daɗe a irin wannan ɗaki kamata. Ta zo da wata waya mai faɗin faranti, tambayoyin duk suna ciki, kowace kuma amsarta eh ce ko a'a.

Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata ruwan randa, ta ce ta gode tana da nata a gora. Ta fara. Shin mukan wanke hannu kafin mu taɓa mara lafiya? Shin mukan duba sunan magani kafin mu bayar? Ina amsawa tana dangwala yatsa, ko ɗago kai ba ta yi. Ban ji haushinta ba, yarinya ce, abin da aka ɗora mata take saukewa. Waɗanda suka zauna ƙarƙashin fanka suka tsara tambayoyin, su na raina, don na san irinsu. Na taɓa yin damina guda da ɗayansu.

Sai ta zo kan wata tambaya.

"Mama, kafin ku yi wa mara lafiya allura, kukan tambayi danginsa ko akwai maganin da jikinsa ba ya so? Eh ko a'a?"

"Wane dangi?" na ce.

Ta sake duba wayar, ta murza ta sama ta murza ta ƙasa. "Dangi kawai aka rubuta, Mama."

"To aje wayag ga tukuna, ki saurare ni."

Waccan damina ina da shekara ashirin da uku, ban daɗe da fitowa daga makarantar jinya ba, fararen kayana sun sha guga, ina tafe ina jin babu kamata. Aka tura ni wani ƙaramin asibiti da ke karɓar mutanen ƙauyuka tun daga Kankiya har Kusada. Ba zan faɗi sunansa ba, don waɗanda ke aiki cikinsa yau ba su yi mini komai ba. Ɗakin gaggawarmu gado biyu ne, da tebur, da risho wanda muke dafa sirinjin gilashi a kansa, sai taga guda da ke kallon wani babban bedi a tsakar fili.

Shekarar sau uku aka yi shuka. Ta farko rana ta ƙone ta. Ta biyu ko fitowa ba ta yi ba, zabi da ɓeraye suka tone irin. Kafin a yi ta uku rumbuna sun zama fanko, mutum ya leƙa sai ya ga ƙasan. Mata suka bazu daji suna tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa a yi kwaɗo babu ƙuli, a ci a kora da ruwa. Dusar da ake ba awaki aka koma tankaɗe ta. Aka fita roƙon ruwa har sau uku, tsofaffi da riguna a juye, yara suna kuka don ƙasa na ƙona masu ƙafa. Mu ma da ke da aikin gwamnati ba mu tsira ba, hatsin ne babu a kasuwa. Innata takan aiko mini da ɗan dambu a kwano, in ɓuya bayan ƙofa in ci, don kunyar idon masu jinya.

Da ruwan ya tashi zuwa sai ya zo gaba ɗaya. Aka shiga marka, kwana da kwanaki ba a ganin rana, katangu suna zubewa, kayan sawa ba sa bushewa. Ciyawa ta taso ta riga geron girma, kowa ya duƙa noman firi da cikin da babu komai. Gayyar da aka saba yi da tuwo da fura da kiɗa, shekarar da tsararon kunun tsamiya aka yi ta. Mutumin da ya wuni a duƙe da yunwa hannunsa rawa yake, ya kai wa ciyawa sara ya samu ƙafarsa. Shi ya sa ɗakinmu ya cika da saran fartanya, ban da cizon maciji da yara masu gudawa. Har yau in na shaƙi warin kananzir haɗe da na jiƙaƙƙen tufafi, sai in ji kamar ina tsaye a ɗakin nan, laka har bakin gado.

Akwai wata tsohuwa da muke aiki tare, Gwaggo Kulu. A takarda mai shara da wanki ce, ko bihim ba ta sani ba a boko, amma tana asibitin tun kafin a haife ni. Ita ke kunna risho da sassafe, ita ke dafa allurai, ita ke wanke jini. Tana kuma da wani aiki da babu wanda ya rubuta mata shi.

Kowa a ƙasarmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko da ciwo zai kashe shi. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba. To in an kawo ɗan fari asibiti, masu cika bakin gado su ne baffanni da kakanni da maƙwabta, kowa na ba da labari, mafi yawansu kuma ba su san komai ba. Wadda ta san abin da ya ci, da sassaƙen da aka ba shi, da allurar da mai kemis ya yi masa jiya, da farfaɗiyar da ake ɓoyewa, tana can waje ta juya wa ƙofa baya kamar mai jiran mota.

Gwaggo Kulu ba ta kallon masu cika bakin gado. Da an shigo da mutum sai ta leƙa taga. In ta hango mace ita kaɗai a gindin bedi, sai ta ɗauki tsintsiya ta fita kamar za ta yi shara, ta share nan ta share can har ta isa kusa da ita, ta zauna. A gaisa, a yi maganar ruwa, a yi maganar gona. Sannan ta ce, "Wancan da anka kawo, ɗan maƙwabta ne halan?" Matar ta ce, "I, ɗan maƙwabta ne." Tunda ya zama ɗan maƙwabta, baki ya buɗe ke nan, babu abin da ba za a faɗa ba. Gwaggo ta dawo ta raɗa wa nas a kunne. Duk ƙauyukan nan an san da wannan, mata suna gaya wa juna: in kin kai naki, ki zauna gindin bedi, tsohuwar za ta zo.

Sai ga baƙo daga birni da wasiƙa a hannu, wai an turo shi binciken abin da ke jawo jinkiri a ɗakin gaggawa. Sunansa bai zauna a bakinmu ba, Mai Agogo muke ce masa, don wani agogo yake ratayawa a wuya wanda ake dannawa. Bahaushe ne fa, ba wani baƙon ƙasa ba, amma irin waɗanda in sun yi karatu sai su riƙa kallon mutanensu kamar yau suka fara ganinsu. Yakan sa kujera a bakin ƙofa, ya ɗage ƙafar wando kada laka ta taɓa, hankici a hanci. Mara lafiya na tsallako ƙofa ya danna, allura na shiga jiki ya sake dannawa, ya rubuta. Ciwon bai dame shi ba, mai ciwon ma bai dame shi ba. Ban taɓa jin ya ce wa wani sannu ba.

Cikin mako biyu ya gano cutar da ke damun asibitinmu, wato Gwaggo Kulu. Aka tara mu, ya tsaya yana bayani da Turanci yana juyawa da Hausa don ita. Wai ya lura duk lokacin da mai shara ta fita hira, nas sai ta tsaya jiranta, minti goma ko fiye su tafi a banza. Wai aikin jinya ilimi ne, ba a haɗa shi da gulmar gindin itace.

"Mai shara ta tsaya kan shararta," in ji shi.

Gwaggo ta dai gyara ɗaurin kallabinta.

Ya kawo mana takarda mai gidaje-gidaje da za mu riƙa cikewa. Akwai allurar da ake yi wa duk wanda ƙarfe ya sara, don kada ciwon sarƙewar haƙora ya kama shi. Allura ce mai amfani, ta ceci mutane ba iyaka, amma wanda aka taɓa yi wa jikinsa ya ƙi ta, in aka sake tana iya kashe shi nan take. Shi ya sa muka saba ɗiga kaɗan a ƙarƙashin fata mu jira rabin sa'a mu gani. Takardar Mai Agogo ta ce a tambayi dangi. In sun ce ba a taɓa yi masa ba, a sa alama a gidan eh, an tambaya, a yi allurar kai tsaye. Ya liƙa ta a bango da Turanci, inda babu matar ƙauyen da za ta san an sauya komai.

Gaskiya ɗaya ce, tsarin ya yi mini daɗi. Duk ƙarshen mako yakan rubuta sunayenmu a allo da mintocin kowa, nawa kuma kullum shi ne a sama. Kaina ya kumbura. Na fara ganin Gwaggo a matsayin tsohuwar da ke ja mana baya, ni da na girma a ɗakin uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta. In ana lissafin wawayen wannan labari, kada a tsaya kan Mai Agogo, a sa da ni.

Ranar da abin ya faru an kwana uku ana ruwa, da hantsi rana ta ɓullo, ƙasa tana tururi. Sai ga amalanken shanu daga wajen Fakuwa, maza huɗu suka sauko da wani saurayi dogo, ramamme, wanda bai wuce shekara ashirin ba. A wurin gayya fartanya ta tsaga masa bayan ƙafa, an ɗaure da tsumma, jini da laka sun haɗu sun daskare. Suna tsallako ƙofa na ji ƙaran agogo. Can bayansu kuma wata mata ta shigo filin a ƙasa, laka har gwiwa, tana haki. Ba ta ko kalli ɗakin ba, ta wuce gindin bedi ta zauna, ta ba mu baya.

Na gan ta. Shekaru na yi ina gaya wa kaina ban lura ba, amma ƙarya ce, da idona na gan ta ta taga.

Wani dattijo mai babbar murya ya tsaya a kaina, Malam Iro, baffan yaron.

"Sunanshi Lawal," in ji shi. "Babban ɗan wana ne. Uban ya tahi ƙwadago kudu, ni ke riƙe da gidan."

Na duƙa na tambayi Lawal ko an taɓa yi masa allura don ƙarfe ya ji masa ciwo. Ya galabaita, leɓensa ya yi fari. Ya ɗaga ido ya dubi baffansa, don yaro mai tarbiyya ba ya riga babba magana.

"Malama, ni za ki tambaya," Malam Iro ya ce yana bugun ƙirji. "Yaron ga a hannuna ya tashi. Ko ƙwaya bai taɓa haɗiya ba, balle allura. Mu gidanmu ba mu san asibiti ba."

Irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa ban sani ba, ko da tambayar a kan abin da ke cikin tukunyar matan wani ce. Daga baya na ji cewa shekarun ƙuruciyar Lawal, shi yana can yawon cin rani.

Na hangi Gwaggo Kulu ta miƙa hannu ta ɗauki tsintsiya.

"Gwaggo, aje tsintsiyag ga," na ce. "An riga an amsa."

Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Ɗiyata, ɗan hwari ne. Uwas shi na waje. Bari in je in dawo, yanzun ga."

"Na ce an amsa."

Mai Agogo ya ɗago kai daga littafinsa ya zuba mata ido. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi taga. Sannan ta jingine tsintsiyar a bango.

Na sa alama a gidan eh. Na ɗauko sirinji daga tukunya, na zuƙi maganin, na yi masa. Agogo ya yi ƙara.

"Minti huɗu, Malama," in ji Mai Agogo. "Ba a taɓa yin irinsa a nan ba. Haka ake aiki."

Na yi murmushi. Wannan murmushin shi ne abin da na fi tsana a duk rayuwata.

Ina cikin wanke ciwon na ga Lawal yana sosa wuya. Ya ce, "Malama, maƙoshina," daga nan bai sake magana ba. Leɓensa ya kumbura, idanunsa suka shige, numfashinsa ya koma fito. Na san ko mene ne tun kafin in miƙe. Muna da kwalba ɗaya tak ta maganin da ke buɗe maƙogwaro, na fasa na yi masa, ya ɗan ja iska kamar zai dawo, sannan abin ya sake rufe shi. Tukunyar iskar numfashi tun bazara babu komai a cikinta. Muka ɗaga ƙafafunsa, na danna ƙirji, na hura masa iska da bakina, Gwaggo tana riƙe da kansa tana salati. Jikin da ya yi wata biyu a kan tafasa ba shi da abin da zai yi kokawa da shi. Kafin a kira azahar Lawal ya cika.

Malam Iro ya yi salati ya ce kwana ne ya ƙare. Mai Agogo ya taso, a karo na farko ya shigo har bakin gado, ba gawar ya zo gani ba, takardar ya ɗauka. Ya bi ta gida-gida da bakin alƙalami, ya ga ko'ina a cike, ya sauke ajiyar zuciya.

"Kada ki damu, Malama. An bi ƙa'ida. Irin wannan ba a iya hango shi."

Sai na ji Gwaggo Kulu ta damƙi wuyan hannuna. Ban taɓa sanin tsohuwar tana da ƙarfi haka ba. Ta ja ni muka ratsa mazan, muka fita cikin laka da fararen takalmana.

"Zo ki yi tambayad da ba ki yi ba," ta ce.

Matar tana nan yadda take, ba ta motsa ba. Ta ji salatin, ta san me ake ciki. Gwaggo ta zauna gefenta, ni na tsaya kamar gunki. Bakin zanenta a kwance yake, a tafin hannunta kuma akwai wani abu a naɗe cikin leda. Ta buɗe a hankali. Katin asibiti ne, ya tsufa ya yi laushi kamar tsumma, an yi rubutu a kansa da jan alƙalami, manya-manyan baƙaƙe, an ja layi biyu a ƙasa: kada a sake yi wa mai wannan kati allurar nan.

Matar ta yi wa Gwaggo magana, ba ni ba, idonta a ƙasa.

"Shina ɗan shekara takwas ƙusa ta soke shi, anka yi mashi allura a birni, ya kumbura kamar zai hwashe. Likita ya ba ni wanga, ya ce duk randa ƙarhe ya ji mashi ciwo in nuna kahin a taɓa shi. Da anka zo anka ce an yi sara wurin gayya, sai na koma ɗaki ɗauko shi, shi ya sa amalanke ta riga ni." Ta shafa katin da yatsa. "Na waiga na hange ki ta taga kin ɗauki tsintsiya. Na ce ga ta nan tahe. Sai na kwance shi ina jira."

Shekara goma sha biyu tana ajiye da takardar da ba ta iya karantawa, ta tsare ta daga gara da ruwan marka. Ta biyo amalanke a ƙasa tun daga Fakuwa da cikin yunwa. Tsakanin katin da hannuna bai fi taku talatin ba. Na sha tambayar kaina me ya hana ta shigowa ta miƙa, amma na san amsar tun ina yarinya. Ta yaya za ta keta ƙanin mijinta da maza uku ta tsaya kan ɗan fari? Kuma me zai sa ta yi, alhali kowa ya gaya mata tsohuwar na zuwa? Ita ta yi abin da aka saba daidai. Mu ne muka sauya, ba mu aika wa kowa ba.

Har aka ɗora gawar a amalanke ba ta faɗi sunansa ba, ba ta kuma yi kuka a gabanmu ba. Na ji Malam Iro yana gaya wa sauran mazan, da alfahari a muryarsa, wai ku dubi mace mai kunya, ko hawaye babu. Da ina da bakin magana a ranar da na gaya masa abin da ba zai manta ba, amma wa ya ba ni baki? Da uwar za ta tashi ta miƙo mini katin.

"Riƙe, Malama. Ba ni da abin yi da shi."

Washegari da sassafe ni na ɗauki tsintsiyar daga jikin bango na sa wa Gwaggo a hannu, a gaban Mai Agogo. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ban tambaye shi ko mene ne ba. Sunana ya sauko daga saman allo bai sake hawa ba. Shi kuwa tun kafin a fara gasa tumu ya tattara ya koma birni. Ruwa ya zauna, geron da aka shuka a makare ya yi kyau fiye da zato, har mutanen Fakuwa suka cika rumbu. Shekara na zagayowa aka aiko mana da rahotonsa mai bango mai sheƙi. Na duba, minti huɗun nan suna ciki, an kafa misali da su. Lawal ba ya ciki. Muka ajiye shi a kabad, ɓeraye suka yi abin da ya dace da shi.

Da Gwaggo ta tsufa ta bar aiki, ni na gaje ta. Nas guda da farin kaya tana zaune gindin itace tana tambayar ɗan maƙwabta. Shugabanni da yawa sun yi mini faɗa a kan haka, wasu har a rubuce. Wasu cikinsu ma yanzu manya ne, ana gayyatarsu taro su yi jawabi a kan kare lafiyar majiyyata.

Da na kai nan sai na tashi na shiga ɗaki, na buɗe adaka na ɗauko katin na ajiye a gaban Zainab. Jan rubutun ya koɗe amma yana karantuwa. Ta daɗe tana kallonsa, na ga idonta ya kawo ruwa, na ce a raina ashe dai akwai mutum a bayan wayar.

"Amma Mama," ta ce, "ai yanzu an waye. Wa ke wannan kunyar?"

Na yi tsaki. Na gaya mata watan jiya na raka maƙwabciyata asibitin nan. An sa wutar rana, an yi fenti, sirinji na roba ne a yi amfani da shi a yar, a keke mai ƙafa uku ake kawo mutane ba a amalanke ba. Bedin yana nan, ya ƙara girma. A gindinsa kuma akwai wata mata ita kaɗai, ta ba ƙofa baya, 'yan mata masu farin kaya suna wuce ta suna danna waya. Sai da na bar maƙwabciyata a kan layi na je na zauna kusa da ita.

"To ki ƙara tambaya ɗaya cikin abin nan naki," na ce. "Ki tambaye su ko sukan hita su nemi wadda ba ta shigo ba."

Ta sunkuyar da kai. Wai ba ta da ikon ƙarawa ko ragewa, kwamiti ya riga ya zauna ya amince da tambayoyin, in ta taɓa ko ɗaya malaminta ba zai karɓi aikin ba. Wai za ta yi ƙoƙari ta ambata masa. Na san irin wannan ƙoƙarin. A waje direban da ya kawo ta ya fara danna ham, hadari kuma ya sake haɗuwa ta gabas, irin wanda ba ya zubar da komai.

Ta ɗauki wayar, ta share ido da bakin mayafi, ta nemo inda muka tsaya. Ba ta iya wucewa zuwa tambaya ta gaba sai ta cike wannan.

"Ki yi haƙuri, Mama. Kukan tambayi dangi? Eh zan sa ko a'a?"

Na naɗe katin na mayar cikin ledarsa.

"Sa eh, ɗiyata," na ce. "Ran nan ma eh na sa."